Kare aka binne a nan ko yarinya? Muhawara kan dabbobin da Rumawa ke sassaƙawa a kaburbura

Nura (Roma): Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya Lahadi ba aiki, sai na shiga gidan tarihi na Kafitolin a nan Roma, kuma akwai wani dutsen kabari da ya tsayar da ni kusan rabin awa. Farin dutse ne babba. An sassaƙa wani saurayi a tsaye cikin mayafin nan nasu da ake kira toga, a gindin ƙafarsa kuma ga aladen daji a kwance, matacce. Da ganinsa na ce maharbi ne. Da na karanta bayani sai ga shi ba ruwansa da farauta, mai awon gine-gine ne, har kayan awonsa an sassaƙa a gefen dutsen. Sunansa Titus Statilius Aper, ya mutu yana da shekara 22, iyayensa ne suka sa aka yi masa dutsen. Ita kalmar aper a harshen Latin aladen daji take nufi. Wato aladen nan da ke kwance shi ne yaron da kansa. Baitocin da aka rubuta ma haka suka nuna: suna ce masa ga ka kwance, aladen da bai cuci kowa ba, ba mashin maharbi ne ya soke ka ba, mutuwa ce ta lallaɓo ba hayaniya. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Daga nan na fara lura, ko'ina na juya dabba ce a kan kabari: zakuna, mikiya, kawunan raguna, karnuka, tsuntsaye. Masu ilimin zaure, me ya sa mutanen nan suka cika makabartarsu da dabbobi haka?

Malam Bashir (Katsina): Wa alaikumus salam Nura. Ka fara da wanda ya fi sauƙin fassara. Kafin a je ga dabbobin, a gane inda ake ajiye duwatsun. Tun dokokinsu na farko, wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an hana binne gawa ko ƙona ta a cikin gari. Sai kaburbura suka jeru a bakin manyan hanyoyin shiga birni, irin hanyar Afiya da ta nufi kudu. Dutsen kabarinsu ba a ɓoye yake ba, da matafiyi yake magana, kuma yawancin masu wucewa ba su iya karatu ba. Wanda bai iya karanta APER ba zai gane alade. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu a kira mutum da sunan dabba. Ana ce wa sarki Zaki, ana yi wa babba kirari da toron giwa. Su dai sun ɗauki kirarin sun mai da shi dutse.

Baba Alhaji: 'Ya'yana, ban hana ku karatu ba, amma ku kula. Gumaka ne fa waɗannan. Hadisin Sayyidina Ali yana nan a Sahihu Muslim, Manzon Allah (SAW) ya aike shi kada ya bar mutum-mutumi sai ya shafe shi, kada ya bar kabari mai tudu sai ya daidaita shi. Mu kabarinmu ƙasa ce da itace da fasasshiyar tukunya, sarki da talaka ɗaya. Ina tsoron yaran da ke cikin zauren nan su ga hoto su yi sha'awa.

Malam Bashir (Katsina): Allah ya ƙara girma Baba, maganarka dutse ce, ba wanda zai ce a kwaikwaya. Amma a cikin Suratur Rum ɗin kanta, aya ta 9, aka tambaya ko ba su yi tafiya a ƙasa sun ga yadda ƙarshen na gabaninsu ya kasance ba, waɗanda suka fi su ƙarfi, suka noma ƙasa suka raya ta. Abin da Nura ya yi jiya ke nan. Kuma gaskiya guda: shi aladen ko karen ba bauta masa ake yi ba. Shirkarsu tana wani wuri a kan dutsen, a haruffa biyun nan D da M da ake fara rubutu da su, wato sadaukarwa ga ruhohin matattu. Su waɗannan ana kai musu giya da madara da furanni a bakin kabari. Wannan ba mai wanke su a kai.

Baba Alhaji: To madalla. In dai da wannan niyya ce ku ci gaba, ina saurare.

Sale Mai Tayil: Ni tambayata ta sana'a ce. Malam Nura ka ce farin dutse, na ga wasu suna rubuta marmara. Mu a wurin aiki marmara jan dutsen nan ne mai ramuka da ake haƙowa a zuba a hanya ko a gindin gini. Wanda ke cikin hoton da ka turo mabul muke ce masa. Na sha yanka shi da injin, kuma ko da injin sai ka bi a hankali don gefensa na ɓarewa. Su da ba injin, ya suka fitar da gashin aladen nan ɗaya-ɗaya?

Nura (Roma): Ka yi gaskiya Yaya Sale, mabul ne. Da guduma da cizal iri-iri suke yi, sai wani abin huda da ake juya shi da igiya. Idan ka matsa kusa da gezar zakunan za ka ga ramuka masu zurfi a jere, aikin abin hudan nan ne, inuwa ke shiga ciki sai gashin ya yi kamar yana motsi. Kuma da can ba fari fat suke ba, ana shafa musu launi, shekaru ne suka wanke shi.

Malam Bashir (Katsina): Ita kalmar marmara ɗin ma tana da labari. Larabawa marmar suke ce wa mabul, kuma akwai tsibiri a Turkiyya da ake kira Marmara saboda dutsen da ake haƙowa a can tun zamanin Rumawa. Daga can, da Karara a Italiya, da dutsen Fenteli kusa da Atina, nan ne manyan ma'adanansu. Sale, lissafa da kanka: mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi na mabul ya kai kusan tan 2.7. Shi ya sa tun a bakin ma'adani ake rarake akwatin gawar, a rage masa nauyi, a ɗora a jirgin ruwa, sai an kai Roma a ƙarasa adon. An samu wani jirgi da ya nutse kusa da Taranto a kudancin Italiya ɗauke da irin waɗannan akwatunan fiye da 20, duk ba a gama su ba. Manyan akwatunan kuwa sai wajen zamanin sarki Hadiriyan, 117 zuwa 138 Miladiyya, suka fara yawa. Kafin nan ƙona gawa suke yi su zuba tokar a ƙaramin akwati, kuma a kan waɗannan ƙananan ne za ka ga kawunan raguna a kusurwa, da tsuntsuwa tana ciyar da 'ya'yanta a sheƙa, da wata ta cafke ƙadangare.

Dakta Zainab (Zariya): Malam Nura, hoto na uku da ka turo, zakin da ya danne barewa. Ƙara girman hoton ka duba ƙirjinsa. Akwai maɗauri da ya zagaye shi, kamar ɗamarar da ake yi wa doki. A bayansa kuma kamar kan mutum nake gani. Zakin dawa ba ya yawo da ɗamara.

Nura (Roma): Kai! Dakta idonki ya fi nawa, ni da na tsaya a gabansa ban lura ba. Haka ne, akwai maɗauri, kuma mutum ne a bayansa.

Malam Bashir (Katsina): Zakin filin wasa ne, mutumin kuma mai kula da shi. Irin waɗannan akwatunan na ƙarni na 3 ne, masu siffar kwamin matse inabi, zaki a wannan kai zaki a wancan, tsakiya kuma layuka masu lanƙwasa. Mai sassaƙar bai taɓa shiga dawa ba, zakin da ya sani shi ne wanda ake saki a fili jama'a na ihu. Daga Arewacin Afirka ake kamo su, wuraren da yanzu suke Aljeriya, Tunisiya da Maroko. Pompey, wani babban janar ɗinsu, shi kaɗai ya fito da zakuna 600 a wasannin da ya shirya a shekara ta 55 kafin Miladiyya. A fahimtata zakin nan mutuwa ce, barewar kuma ɗan Adam. Ta kama ka ta baya, ba ta tambayi shekarunka ba. Wasu masana na cewa gadi yake yi, don a tsorata mai niyyar tona kabari.

Sale Mai Tayil: Allah gafarta Malam, bari in ɗan ja da kai. Shekarata 19 ina wannan aiki. Mutum goma za su zo, tara daga ciki abin da za su ce shi ne: irin na gidan wane nake so. Ba wanda ya taɓa tambayata ma'anar zanen. Kai da bakinka ka ce jirgi guda ake cikowa da akwatuna. To wanda ɗansa ya mutu da safe, ya ruga wurin masu sassaƙa, ya tarar da mai zaki a ajiye, kana jin zai tsaya tunanin barewa ɗan Adam ce? Abin da kuɗinsa ya kai zai ɗauka.

Malam Bashir (Katsina): Ban ƙi ta taka ba, akwai ma hujjar da ke goya maka baya. An samu akwatuna da yawa da aka gama komai nasu amma fuskar mamacin tana nan dunƙule ba a fitar da ita ba, alamar an yi su ne a ajiye ana jiran mai saye. Amma Sale, kafin abu ya zama yayi, wani ne ya fara zaɓarsa. Me ya sa zaki mai kisa ya zama yayin makabarta, ba na ɗakin amarya ba? Mikiya ma haka. Idan sarkinsu ya mutu aka ɗora shi a kan itacen ƙonawa, sai a saki mikiya daga sama, wai ta tafi da ransa. A ƙofar tunawa da sarkinsu Titus a Roma an sassaƙa mikiya ɗauke da shi. Talaka ya ga haka ya sa mikiya a ɗan akwatin tokar ubansa. Kwaikwayo ne, amma ya san abin da yake kwaikwaya.

Maman Ummi: Ni duk zakunan nan ba su taɓa ni ba. Akwai wanda na taɓa gani a intanet ya tsaya min a rai, bari in turo. Yana gidan tarihi na Getty a Amurka, an ce na tsakanin shekara ta 150 zuwa 200 ne. Ɗan ƙaramin dutse, an yi masa kamar ɗaki mai ginshiƙi biyu, a ciki ga wata 'yar karya mai gashi, mai ƙiba, a tsaye tana kallonka. Ba mutum ko ɗaya. Rubutun ƙasa ya ce na Helena ne, 'yar riƙo, rai da ba shi da tamka, wadda ta cancanci alheri. To Helenar nan wace ce? Ni zuciyata ta ba ni yarinya ce.

Dakta Zainab (Zariya): Yaya, ni kuwa karyar nake gani. Irin ƙananan karnukan nan ne da suke kira na Melita, na cikin ɗaki, waɗanda matan masu hali ke ɗauka a cinya. Dubi yadda aka yi ta. Ba alama aka zana ba, wata karya ce takamaimai da wani ya sani, jikinta ya nuna an ciyar da ita har ta wuce misali. A asibitinmu na ga masu kuka da hawaye a kan dabba, har babban mutum. Idan yarinya ce, ina fuskarta? Wanda ya iya biyan kuɗin mabul zai iya biyan a fitar masa da fuskar 'yarsa.

Maman Ummi: Dakta ba kowa ke iya kallon fuskar ba. Na rasa 'yata ta fari tana da shekara 4. Hotunanta na tattara na ba ƙanwata ta ajiye, har yau ban karɓa ba. Amma akwai wata 'yar kaza da take bi tana kira a tsakar gida, na hana a yanka ta, na hana a sayar, har tsufa ya kashe ta. Duk wanda ya shigo gidan kaza yake gani. Ni kaɗai na san abin da nake gani. Da na ga dutsen nan abin da ya faɗo min ke nan.

Baba Alhaji: Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce, 'yata. Allah ya ba ki ladan haƙuri.

Dakta Zainab (Zariya): Amin ya Rabbi. Ki yafe ni Yaya, ban sani ba.

Maman Ummi: Ba komai ƙanwata, ba ki faɗi laifi ba. Ku ci gaba, ina son in ji.

Malam Bashir (Katsina): Allah ya jiƙan rai. Masanan kansu sun rabu biyu a kan dutsen nan, kamar yadda kuka rabu. Kalmar da aka yi amfani da ita, alumna, ana faɗinta ga yaron da aka tsinta ko aka raina a gidan da ba na iyayensa ba, kuma da yawansu bayi ne. Helena sunan Girkawa ne, guda ɗaya tilo ba sunan dangi, irin yadda ake rubuta sunan baiwa. Wannan ya ƙarfafa Maman Ummi. Sannan akwai duwatsun yara da aka sassaƙa su da dabbobin wasansu, kamar wani a Bodo ta Faransa, yarinya rungume da kyanwa, zakara yana tsattsagar wutsiyar kyanwar. Amma Dakta ma tana da madogara, don tabbas Rumawa sun binne karnuka da dutse da rubutu. A gidan tarihi na Birtaniya akwai allon mabul na wata karya mai suna Margarita, wato lu'ulu'u. An rubuta shi kamar ita ke magana: a ƙasar Gol, wato yankin Faransa ta yau, aka haife ta, an koya mata bin namun daji a kurmi, ba a taɓa ɗaure ta da sarƙa ba, ba a taɓa dukan farin jikinta ba, a cinyar uban gidanta da uwar gidanta take kwana, kuma wurin haihuwa ta mutu. Wani dutsen kuma daga yankin Salerno a kudancin Italiya, mai karen yana cewa ya ɗauko ta yana kuka kamar yadda ya ɗauko ta yana murna shekara 15 da suka wuce.

Nura (Roma): Abin da ya dame ni a nan Malam, shi ne a ce kalma ɗaya ta dace da karya ta kuma dace da yarinya, har shekara fiye da 1,800 an kasa rabewa. Margarita ba a taɓa sa mata sarƙa ba, a garin da ake sa wa mutane. An samu zobban ƙarfe na wuyan bayi a Roma da rubutun a mai da su ga mai su in sun gudu. Jiya ina fita daga gidan tarihin ina jin tausayin iyayen Aper, yau kuma ina tunanin su wa suka ja dutsen daga bakin ruwa zuwa makabarta.

Malam Bashir (Katsina): Su ba su da dutse. Matalautan Roma na farko a ramuka ake zuba su a wajen ƙofar Eskwilin. Duk abin da muke tattaunawa tun safe na masu abin hannu ne, ko bayin da aka 'yanta suka yi arziki, kuma su ne ma suka fi kowa son dutse mai ado.

Ɗan Mafarauta (Birnin Kudu): Tun ɗazu nake karantawa ban yi magana ba. Labarin Margarita ne ya fito da ni. Mahaifina mafarauci ne, yana da wani jan kare da ya yi shekara 9 yana shiga dawa da shi. Bai taɓa shiga ɗaki ba, bai taɓa hawa tabarma ba, in ya lashi ƙwarya sai an wanke ta yadda shari'a ta ce. Wata rana gadu ya farke masa ciki. Baba ya cire rigarsa ya naɗe shi, ya saɓo shi a kafaɗa tun daga dawa har bayan gari, kafin su iso ya mutu. Ya haƙa rami a gindin wata tsamiya ya rufe shi don kada kura ta ci, ya dawo gida ba riga. Bai yi kuka ba, bai sa alama ba, ranar dai bai ci tuwo ba. Don haka ni ban yi mamakin Barumen da ya sayi mabul ba. Dakta, ina bayanki, Helena karya ce.

Baba Alhaji: Mahaifinka ya yi daidai, ya rufe shi bai gina masa komai ba. Karen Ashabul Kahfi ma Alƙur'ani ya ambace shi yana shimfiɗe da zira'insa a bakin kogo, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce a ƙasar Rumawan nan abin ya faru, zamanin Daƙayanusu.

Sale Mai Tayil: Malam Nura in ka koma don Allah ka ɗauko min hoton bayan akwatin zakin. Ina son in ga ko sun goge inda ido ba ya kaiwa.

Nura (Roma): Na leƙa jiya, ba su goge ba, duk sawun cizal ne, don da bango ake jingina shi. Zan ɗauko maka ranar Lahadi in sha Allah.

Maman Ummi: Ɗan Mafarauta, Allah ya jiƙan Baba idan ya rasu, in yana raye Allah ya ƙara masa lafiya. Amma ka lura, shi bai ce wa karensa 'yar riƙo ba. Na sake buɗe hoton yanzu. Ni dai har gobe yarinya nake gani.